Yadda ake sayar da tsohon babur na doguwar tafiya

Baburan da ake magana a kansu a nan su ne manyan nan da aka ƙera don cin dogon zango, masu faffaɗan gilashin tare iska, da akwatunan kaya a gefe da baya, da kujerar da mutum biyu za su wuni a kai: Honda Gold Wing tun daga GL1000 na 1975 har zuwa GL1500, BMW R100RT da R80RT, Harley-Davidson Electra Glide, Moto Guzzi California, Yamaha Venture da ire-irensu. Yawancinsu sun haura shekara 30. Wanda zai sayi irin wannan galibi ya san kan babur ɗin, wani lokaci ma fiye da mai shi, kuma abin da ke ba shi tsoro shi ne abin da ido ba ya gani: cikin inji, wayoyin wuta, da sahihancin takardu. Duk aikin da za ka yi daga yanzu har ranar miƙa makulli na kawar masa da wannan tsoro ne da hujja. Wanda ya tsaya a wanki da goge-goge kaɗai zai tara 'yan kallo, amma tayin da za a yi masa ba zai yi masa daɗi ba.

Kayan da za ka tanada

- Takardun mallaka da na rajista, da duk wani rasit na gyara ko na sayen kayan gyara, komai tsufansa
- Littafin babur na kamfani idan yana nan, da makullai duka, har na akwatunan kaya da na murfin tanki
- Mitar gwajin wuta, ma'aunin iskar taya, tocila, da ƙaramin madubi na leƙa ƙarƙashin inji
- Sifanar filogi da ƙananan sifanoni; ma'aunin matsin silinda idan za ka samu aro
- Bokiti biyu, sabulun wankin mota, soso mai laushi, tsohon buroshin haƙori, tsummoki masu taushi, maganin narka maiƙo, da man goge ƙarfe
- Baƙin mai da filta sababbi, sabon fetur kamar lita 5
- Wayar da ke ɗaukar hoto da bidiyo mai kyau
- Takardar ciniki kwafi biyu da biro

1. Fara da takardu, kafin ka taɓa soso

Ɗauki tocila ka nemo lambar shasi, wadda galibi ake bugawa a wuyan babur, wajen da kan yake juyawa. Karanta ta harafi bayan harafi, ka gwada da wadda ke cikin takarda. Haka za ka yi da lambar inji. Baburan da aka ƙera daga 1981 zuwa sama da yawansu suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, na kafin nan kuwa gajeru ne, kowane kamfani da tsarinsa. A BMW na shekarun 1970 lambar inji da ta shasi sukan zo iri ɗaya, kuma masu tara tsofaffin babura suna ƙara kuɗi a kan haka. Harley na kafin 1970 kuwa a jikin inji lambarsa take. Idan ka tarar an taɓa sauya inji, ba laifi ba ne, amma ka sani tun yanzu, ka kuma faɗa da bakinka.

Idan an sami kuskuren harafi ɗaya a takarda, ko sunan da ke ciki na wanda ka saya a hannunsa ne, ko takardar ta ɓata gaba ɗaya, je ofishin rajistar ababen hawa ka gyara tukuna. Wannan yakan ɗauki makonni, shi ya sa ya zo farko. Idan da bashi a kan babur ɗin, biya ka karɓi shaidar biya a rubuce. Babur na gado sai da takardar da ke nuna cewa kai ke da ikon sayarwa.

Sai ka jera rasitai bisa kwanan wata a cikin fayil ɗaya. Idan babu rasit saboda da hannunka kake gyara, zauna ka rubuta abin da ka tuna a shafi guda: me aka sauya, yaushe, mitar tafiya tana nawa. Abin da ba ka tabbatar ba, ka rubuta "wajen shekara kaza". Kada ka ƙirƙiro kwanan wata.

2. Duba shi kamar kai ne za ka saya

Kafe babur a ƙafar tsakiya, a kan daɓe mai tsabta, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. Da safe kwalin zai nuna maka inda yake yoyo da abin da yake zubarwa. Ɗauki takarda ka bi waɗannan, kana rubuta duk abin da ka gani.

Tayoyi: kada zanen taya ya ruɗe ka. Tsohon babur yakan yi shekaru a tsaye, zanen yana nan daram amma robar ta bushe. A gefen taya, bayan haruffan DOT, alƙaluma 4 na ƙarshe su ne ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan alƙaluma 3 ka gani, an yi tayar kafin 2000, ba ta hawuwa ko kusa.

Caji: batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake. Tayar da inji ka riƙe totur wajen juyi 3,000 a minti. Mita ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ta tsaya a 12 da 'yan kai, babur ba ya caji. A Gold Wing masu silinda 4, musamman GL1200, wannan babbar magana ce, domin koyil ɗin caji yana can bayan inji, sai an sauke injin gaba ɗaya ake kai gare shi. Kafin ka tsorata, leƙa mahaɗin wayoyi uku masu launin rawaya da ke fitowa daga koyil ɗin, kusa da batir. Sau da yawa shi ne ke ƙonewa ya narke. Duk wanda ya san Gold Wing zai zo da mitarsa a aljihu, gara ka riga shi sani.

Kan babur: sa wani ya danna bayan babur don tayar gaba ta tashi daga ƙasa, ka juya kan a hankali hagu da dama. Idan ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. Kama ƙasan shokar gaba ka ja ka tura. Bai kamata ka ji ƙwas-ƙwas ba. Shafa yatsa a sandunan shokar: danshin mai na nufin robar da ke tare man ta mutu, ƙananan ramukan tsatsa kuma su ne ke yaga ta.

Tayar baya: kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Yawancin waɗannan babura furofela ke juya tayarsu maimakon sarƙa, to ka kwance ƙusar zubar da man giyar baya ka duba. Ɗan baƙin gari mai laushi a jikin maganaɗisu ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa matsala ce.

Baƙin mai: idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, a injin da ke da lagireto, ruwa yana shiga. Idan yana warin fetur, kabureta tana ambaliya.

Tanki: haska tocila ciki ka nemi tsatsa. A GL1000 da ƙannensa abin da ke gabanka mai kama da tanki ba tanki ba ne, na gaskiyar yana ƙarƙashin kujera.

Sai ƙananan abubuwa, waɗanda a babur na tafiya suna da yawa: fitilu, siginal, hon, rediyo, ɗumama hannu, famfon iskar shoka, giyar ribas ta GL1500, makullan akwatuna, da kunnuwan robobin jiki da suke karyewa a ɓoye. Idan ka sami ma'aunin matsi, gwada kowace silinda da inji a ɗumi, totur a buɗe gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne lambobin su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Ɗauki hoton allurar a kowace silinda.

3. Abin da za ka gyara, da abin da za ka bari

A nan ne mutane suka fi yin asara, ta fuska biyu. Wani ba ya gyara komai, sai mai saye ya zo babur ya ƙi tashi saboda batir, a rage masa ninkin kuɗin batir sau goma. Wani kuma sai ya shiga sabon fenti da sabuwar kujera da sabon salansa, ya kashe abin da ba zai taɓa dawowa ba.

Ƙa'idar ita ce: gyara duk abin da ke da arha kuma yake hana babur tashi, tsayawa, ko tafiya lafiya. Batir, filogi, baƙin mai da filta, ƙwan fitila, fiyus, tiyon fetur da ya tsattsage, wankin kabureta, da man birki. Wajen man birki duba murfin ma'ajiyarsa ka ga irin wanda aka rubuta. Harley na shekaru da dama suna amfani da DOT 5, mai launin shunayya, wanda ba a haɗa shi da DOT 3 ko DOT 4. Su kuma waɗannan biyun suna cin fenti, sai ka rufe tanki da tsumma kafin ka buɗe.

Bel ɗin taimin na Gold Wing, wato bel ɗin cikin inji da ke daidaita motsin bawul da na fistin, yana da hukunci na daban. Idan ba ka san yaushe aka sauya shi ba, sauya shi. Ba shi da tsada idan aka kwatanta da ɓarnar da yake yi, domin in ya tsinke fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su. Rasit ɗin sabon bel na cikin 'yan takardun da ke dawo da kuɗinsu da riba. Idan ba za ka iya ba, rubuta a talla cewa ba a san shekarunsa ba, kuma kada ka yi ta zuga injin.

Taya abin shawara ne. Idan sun mutu har ba za a iya gwajin tuƙi ba, sa sababbi masu matsakaicin kuɗi. Idan sun tsufa ne kawai amma suna tafiya, bar su ka faɗi shekarunsu, domin kowane mai irin wannan babur yana da tayar da ya fi so.

Fenti na asali, ko da ya ɗan koɗe, kada ka taɓa shi. Sabon fenti yana sa mai saye ya fara tambayar me aka rufe, kuma masu neman tsohon babur sun fi son wanda ya tsufa da mutuncinsa. Manyan ayyuka irin su buɗe inji, kuloci, ko koyil ɗin caji, ka samo ƙiyasin kuɗinsu a rubuce daga bakanike, ka nuna wa mai saye, ka rage a farashi. Idan ka taɓa sauya salansa, kujera ko gilashi kuma na asalin suna ajiye, mayar da su ko ka haɗa su cikin cinikin. Kayan ƙawa da ka ƙara, kamar ƙarin fitilu da akwatin tanki, ba sa ƙara farashin babur sosai; sau da yawa cire su ka sayar daban ya fi riba.

Idan babur ya yi shekara ko fiye a ajiye, kada ka sa batir ka danna sitata kai tsaye. Zubar da tsohon fetur daga tanki da kabureta. Cire filogi duka, ka ɗiga baƙin mai kamar rabin ƙaramin cokali a kowace silinda, ka bari ya kwana, sannan ka sa giya ta sama ka juya tayar baya da hannu ka ji ko injin yana juyawa. Cire filogin yana da wani amfanin: a injin da silindarsa ke kwance, irin na Gold Wing da BMW, fetur yakan tsiyaya ya cika silinda, kuma in aka danna sitata a haka, ƙarfen da ke riƙe da fistin yana iya lanƙwashewa. Leƙa akwatin filtar iska, ɓeraye suna son wurin. Idan duk wannan ya fi ƙarfinka, sayar da shi a matsayin wanda ba ya tashi, ka faɗi haka ƙarara. Kuɗin zai ragu sosai, amma ya fi a ce ka fasa inji garin gaggawa.

4. Wanki

Wanke da inji a sanyi, a inuwa. Kada ka yi amfani da injin feshin ruwa mai ƙarfi, yana tura ruwa cikin boris da mahaɗan waya, kuma wayoyin da suka shekara 40 ba sa yafewa. Toshe bakin salansa da leda. Fara da maganin maiƙo a ƙasan inji da ƙafafun taya, sannan sabulu daga sama zuwa ƙasa, bokiti ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso. Gilashin gaba roba ne: jiƙa shi sosai kafin ka shafa, kada ka goge shi a bushe, kada kuma ka sa masa maganin goge gilashin taga, yana sa shi hazo. Kada man ƙyalli ya taɓa inda taya ke taka ƙasa, ko faifan birki, ko kujera, ko hannuwa.

Yi wankin kwana 3 ko 4 kafin a fara zuwa gani, ka hau shi bayan nan. Injin da aka wanke da safiyar ranar, yana ɗigar ruwa, mai saye zai ɗauka yoyo aka ɓoye.

5. Yanke farashi

Nemi babura irin naka, samfuri ɗaya, shekaru kusa, a wuraren talla da shafukan gwanjo da ƙungiyoyin masu irin babur ɗin. Kuɗin da ake nema daban, kuɗin da aka sayar daban. Tallan da ya yi wata 6 yana nan shaida ce cewa farashinsa ya yi yawa. Tara misalai 5 zuwa 10, ka ajiye naka a tsakaninsu da gaskiya. Abin da ka kashe a kansa tsawon shekaru ba ya cikin lissafi.

Game da mita: yawancin tsofaffin mitoci alƙaluma 5 gare su, in sun kai 99,999 sai su koma sifili. Babur mai nuna 23,000 amma robar takawa ta cinye, faifan birki ya yi kwari, mai yiwuwa 123,000 ne. Rasitai ne ke raba gardama. Duba kuma ko mil take ƙirgawa ko kilomita, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Yawan tafiya ba aibu ba ne ga waɗannan injuna matuƙar an kula da su. Wanda ya yi shekara 15 a jingine ya fi ba da wahala.

Rubuta lambobi biyu: wanda za ka sa a talla, da wanda ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Tazarar kashi 10 cikin 100 ta isa. Idan kana da hali, fitar da talla a farkon lokacin da yanayi ke daɗin tafiya a inda kake. Idan ba ka da lokacin fama da masu kira, dillali ko shagon babura za su karɓa, amma ku yi maganar la'ada a rubuce tun farko, kuma ka san cewa abin da zai shigo hannunka zai ragu.

6. Hoto da bidiyo

Da safe ko da yamma, a wurin da babu tarkace a baya, ba kuma ƙofar gidanka ba. Durƙusa har wayar ta zo daidai da tanki. Ɗauki gefe biyu, gaba, baya, mita tana kunne, inji ta kowane ɓangare, cikin tanki, cikin akwatuna, ƙarƙashin kujera, lambar ranar taya, da fayil ɗin rasitai a baje. Hoto 20 zuwa 30 ba su yi yawa ba. Kowane tabo, tsaga ko tsatsa ya sami hotonsa na kusa, da yatsanka a gefe don a ga girmansa. Rufe lambar babur, kuma kada ka sa hoton takardun mallaka ko cikakkiyar lambar shasi a fili, 'yan damfara suna kwafe su su yi tallan ƙarya.

Bidiyo ɗaya ya fi hotunan nan duka aiki. Fara da ɗora tafin hannunka a kan bututun salansa kusa da inji, ka riƙe daƙiƙa 5 don a ga sanyi yake. Ba tare da ka yanke ba, kunna makulli, ja cok, tayar, ka zagaya babur yana aiki, ka nuna bakin salansa, ka ƙare da mitar wuta a kan batir. Kada ka sa kiɗa.

7. Rubuta talla

Layin farko: kamfani, samfuri, shekara, abin da mita ke nunawa, farashi. Sai shekarun da ya yi a hannunka, matsayin takardu, ayyukan da aka yi da lokacinsu, abin da aka sauya daga na asali, abin da za a haɗa da shi, sannan matsalolinsa. Rubuta su dalla-dalla: "Shokar gaba ta hagu tana ɗan jiƙewa. Rediyo yana kamawa amma lasifikar dama ba ta yi. Akwatin hagu ya tsage ta ƙasa, an liƙe, ga hoto." Irin wannan ya fi "lafiya ƙalau, sai hawa" sayar da babur, saboda mai karatu zai yarda da sauran abin da ka faɗa. Kada ka rubuta "ƙaramin gyara ne" a kan abin da ba ka buɗe ka gani ba. Faɗi yadda za a biya da sharaɗin gwajin tuƙi tun a nan.

8. Tace masu kira

Mai saye na gaskiya tambayoyinsa na babur ne: yaushe aka sauya bel, yana caji, an taɓa shafa wa haƙoran sandar giya man giris. Wanda ya ce zai biya yadda ka faɗa ba tare da ya gani ba, yana wata ƙasa, zai turo wakili ya ɗauka, rabu da shi. Haka wanda ya turo fiye da kuɗin ya ce ka mayar da ragowar ko ka ba direbansa. Cakin ko shaidar biyan ta bogi ce, ragowar da ka tura kuwa ta tafi. Kada ka ba kowa lambar sirri da aka turo wayarka, kada ka latsa mahaɗin da aka ce na karɓar kuɗi ne. Yi magana da mutum ta murya kafin ka faɗa masa wurin haɗuwa.

9. Ranar dubawa

Da rana, kuma kada ka kasance kai kaɗai. Idan babur yana tafiya, an fi son wuri mai jama'a, amma akwai cikas: mai saye yana son ya tarar da inji a sanyi. Mafita ita ce ka kai shi wurin awa 2 ko 3 kafin lokaci, ko ku haɗu a garejin bakanikenka. Idan dole sai a gida, fito da babur waje, ka rufe inda sauran kayanka suke.

Kada ka ɗumama inji kafin ya iso. Zai taɓa, in ya ji ɗumi zai ɗauka yana wahalar tashi ne. Ka bar shi a ƙafar tsakiya tun daren jiya, saboda injin da silindarsa ke kwance yakan yi ɗan hayaƙi idan ya kwana a ƙafar gefe, mai yana gangarawa silindar da ke ƙasa. Miƙa masa fayil, ka ja baya ka bar shi ya duba a tsanake. Amsa abin da ya tambaya. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. In ya zo da bakanikensa, alama ce mai kyau, amma a yi yarjejeniya cewa ba a kwance abin da ya wuce filogi da murfin gefe.

Gwajin tuƙi shi ne wuri mafi haɗari. GL1500 ya haura kilo 350, kuma wanda bai saba ba a wajen juyawa a hankali yake kayar da shi, robar jikin da za ta fashe kuwa wata ba a ƙera ta yanzu. Sharaɗi: ka ga lasisinsa na babur ka ɗauki hotonsa, ka tabbatar inshora ta rufe shi, ya sa hular kwano, kuma cikakken kuɗin babur yana hannunka ko hannun wanda kuka yarda da shi, da rubutu cewa in ya kayar ya saya. Makullin mota ko katin shaida ba jingina ba ne, motar tana iya zama ta sata. Faɗa masa hanyar da zai bi da minti nawa, 15 sun isa. Idan bai cika sharaɗi ba, ka goya shi, ko ka tuƙa yana bin ka a mota yana ganin hayaƙi da yadda giya ke shiga.

10. Ciniki da karɓar kuɗi

Bar shi ya fara tayawa. Idan ya kawo aibin da ka riga ka rubuta a talla, ce masa, "Malam, wannan yana cikin lissafi, shi ya sa farashin ya tsaya a nan." Idan ya gano wani sabo na gaskiya, rage masa daidai kuɗin gyaransa. Tayin da ya yi ƙasa da lambarka ta biyu, ka ce albarka cikin fara'a, ka karɓi lambar wayarsa. Idan mako 3 suka wuce babu wanda ya zo gani, farashin ne. Sauke shi sau ɗaya yadda za a lura, maimakon ɗan ragi kowane kwana biyu.

Idan ya ba da kafin alƙalami, rubuta adadinsa, ranar cika sauran, da abin da zai faru da kuɗin in ya fasa. Kada ka cire talla sai an cika.

Tsabar kuɗi a ƙirga a banki, a zuba a asusunka nan take, ma'aikacin banki ya tantance su. Idan ta asusu aka turo, kada ka dogara da saƙon waya ko hoton da ya nuna maka. Shiga asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Caki sai ya fashe tukuna, ko da zai ɗauki kwanaki. Babur, makulli da takardu ba sa barin hannunka kafin nan, kuma biya kashi-kashi bayan an tafi da babur ba ciniki ba ne da za ka shiga da baƙo.

11. Takardar ciniki da miƙawa

Takardar ta ƙunshi sunayenku da adireshi, samfuri da shekara, lambar shasi, lambar inji, lambar rajista, abin da mita ke nunawa, farashi, kwanan wata har da ƙarfe nawa, jerin matsalolin da ka bayyana, da jimlar cewa an sayar da shi a yadda yake, mai saye ya duba ya yarda. Ku sa hannu a kwafi biyu, da shaida ɗaya ko biyu. Lokacin da aka rubuta yana da amfani idan aka yi laifin hanya da babur ɗin a ranar. Idan ba ka da tabbacin mita, rubuta cewa ba a tabbatar da adadin ba. Kada ka sa hannu a takardar canjin mallaka ka bar gurbin sunan mai saye a buɗe, ko da ya roƙa.

Kwashe kayanka daga akwatuna da aljihunan gaba. Nuna masa inda makunnin fetur yake, yadda ake ɗora shi a ƙafar tsakiya, da duk wata ɗabi'a tasa, misali yawan cok da yake so da safe. Idan a mota za a ɗauka, mutum 3 ake bukata da katako mai faɗi wanda aka ɗaure don kada ya zame. A sa giya ta ɗaya, a rufe fetur, a ɗaure da igiyoyi 4 masu ƙarfi a jikin ƙarfen shasi ko ƙasan wuyan shoka, a matse shokar gaba kamar rabi. Kada a ɗaura a roba ko a ƙarshen hannuwa, suna lanƙwashewa. Gilashi mai tsayi a sauke shi ko a cire idan motar a buɗe take.

A ranar, ko washegari, sanar da ofishin rajista cewa babur ya bar hannunka, bisa yadda dokar ƙasarka ta tsara. A wasu wurare lambar tana bin babur, a wasu kuma mai sayarwa ke cire ta. Kira kamfanin inshora ka soke ko ka mayar kan wani abin hawan, amma sai bayan an sa hannu an tafi da shi. Ajiye kwafin takardar ciniki, hoton lasisin mai saye, da hotunan tallan wuri ɗaya, sannan ka sauke tallan daga duk inda ka sa shi.